Neman kalma: me za mu kira gwajin Doppler na jarirai?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Gobe da safe zan miƙa fassarar takardar wayar da kan iyaye a kan hemangioma, jan ƙarin nan na jijiyoyin jini da ke fito wa jariri makonni kaɗan bayan haihuwa, ya yi ta girma wajen wata 5 kafin daga baya ya fara motsewa da kansa. Ba ciwon daji ba ne. Inda na maƙale gwajin Doppler, ku taimaka don Allah.

Anti Nas: Sikanin mana, shi kowace uwa ta sani.

Likitan Yara: Anti sikanin kaɗai bai isa ba. Doppler gudun jini yake nunawa, ja da shuɗi a allo, da shi ake gane wannan ƙarin ne mai jini da ƙarfi ko cukurkuɗaɗɗun jijiyoyi ne da jini ke bi a hankali. Babu tiriri irin na eksire, ba sai an sa yaro barci ba. MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, sai in abin ya yi zurfi ko ya ci wuri babba a fuska. Ni dai "sikanin gudun jini".

Malamin Hausa: Haba Dakta, sikanin Hausa ce? Sauti ake aikawa ya dawo, to "hoton amsa-kuwwa" kenan. Har yaushe za mu yi ta aro kamar harshenmu ba shi da gata?

Anti Nas: Malam asibiti da allura duk aro ne ai.

Malamin Hausa: Waɗancan sun riga sun zauna. Kuma shi ƙarin a ce tawadar Allah.

Likitan Yara: A'a wannan kam ban yarda ba wallahi, uwa ta ji tawadar Allah sai ta zauna gida, alhali in ya kai guda 5 a fata hanta ma sai an duba, wanda ke kusa da ido kuwa ba a jira. Doppler kuma sunan mutum ne ɗan Ostiriya, a 1842 ya yi bayanin ƙa'idar da gwajin ya dogara a kai, ba a fassara suna.

Mai Fassara: To zan sa "sikanin gudun jini na Doppler", ƙarin kuma "ƙarin jijiyoyin jini".

Malamin Hausa: Na bar muku tawadar. Amma amsa-kuwwar nan ki sa ta ko a layin bayani ne.