Ramukan ƙusa a bangon waje sun ƙi cikuwa

Assalamu alaikum. Bangon gidanmu na gabas a Gombe, wanda ruwan sama ya fi duka, yana da ramukan ƙusa da suka rage bayan an cire tsofaffin wayoyin lantarki, da kuma siraran tsage-tsage a gefen tagogi. Na cike su da siminti zalla a lokacin hunturu, amma ya bushe da sauri, ya tsattsage, ya zube. Daga baya mai fenti ya shafa farar hodar da ake gyaran bangon cikin ɗaki da ita, sai ruwan farko ya jiƙa ta, fentin ya kumbura ya ɓare, har danshi ya fara bayyana a cikin ɗakin.

Don Allah, wane haɗi ne zai kama irin wannan bango, ya jure rana da ruwa, kuma fenti ya zauna a kansa?