Shiru nake yi idan ta ɗauko magana, ita kuma ta ce ya fi zagi ciwo

Baban Sadik:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya, kuma don Allah ba wa'azi nake nema ba, wanda ya san abin da masu binciken halayyar ɗan'adam suka gano a kai shi nake son ji.

Ni mutum ne da ba na son hayaniya. Tunda muka yi aure ban taɓa ɗaga wa matata hannu ba, ban taɓa zaginta ba, ita ma shaida ce. Amma da zarar ta ce "ina son mu yi magana", sai in ji ƙirjina ya ɗaure. Tana jimla ta uku kunnuwana sun fara zafi, ina kallon bakinta yana motsi amma rabin abin da take faɗa ba ya shiga. Sai in ɗauki waya in yi ta shafa fuskar wayar ba tare da na karanta komai ba, ko in miƙe in saka takalmi in fita. Idan na dawo ba na tayar da zancen, a ganina ya wuce. Ita kuma a wajenta yanzu ya fara. Sai gidan ya yi tsit na kwanaki, gaisuwa kawai. Abin har ya kai 'yarmu babba ce ke kai saƙo tsakaninmu: "Baba, Mama ta ce wai kana fita yau?" alhali uwar tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki tana jin amsata.

Kwanan nan ta ce min da wannan shirun gara in zage ta, ta san matsayinta. Maganar ta tsaya min a rai, domin ni a tunanina haƙuri nake yi, ina haɗiye fushi don kada in faɗi abin da zan yi nadama. To wa ke da gaskiya? Kuma me ya sa jikina yake yin haka tun kafin a faɗi wata mummunar kalma?

Dattijo Mai Natsuwa:

Wa'alaikumus salam. Ɗana, shiru-shiru ba tsoro ba ne, gudun magana ne. Da yawa aure ya mutu a kan kalma ɗaya da ta suɓuce cikin fushi. Ci gaba da haƙurinka, ita ma a ba ta haƙuri. Allah ya daidaita ku.

Malama Ummu Hanan:

Baba Dattijo, a gafarce ni, rabin maganarku zan ɗauka in bar rabi. Baban Sadik, ilimin halayyar ɗan'adam na karanta, kuma abin da ka zayyana yana cikin abubuwan da aka fi bincike a kansu a harkar aure.

Bari mu fara da jikin naka. John Gottman na Jami'ar Washington a Amurka, shi da abokin aikinsa Robert Levenson, sun shafe shekaru suna zaunar da ma'aurata gaban kyamara, su ce musu ku tattauna abin da kuka saɓa a kai na minti 15. A lokacin an maƙala musu na'urori masu auna bugun zuciya da gumin tafin hannu, har da yawan mutsu-mutsun da mutum ke yi a kan kujera. Abin da suka gani shi ne, wanda ya yi shiru ya kawar da kai, wanda a ido za ka ce ko a jikinsa, sau da yawa shi ne na'urar ke nuna zuciyarsa na dukan uku-uku. Gottman ya ce idan bugun ya haura kamar 100 a minti ɗaya, jiki ya riga ya shiga halin da yake shiga idan ya ga haɗari, a yi faɗa ko a gudu. A wannan hali sauraro yana raguwa, raha tana ɓacewa, mutum ba ya iya hango abin ta ɓangaren ɗan'uwansa. Wato da ka ce rabin maganarta ba ya shiga, ba ƙarya ka yi ba. A ƙididdigarsa kusan kashi 85 cikin 100 na masu irin wannan toshewar, wato yin shiru a kawar da kai, maza ne.

Akwai wata dabara da suka yi wadda nake son labarinta. Ana tsakiyar gardama sai su katse ma'auratan, su ce na'ura ta samu matsala, ku karanta mujallu kafin a gyara, kada ku ci gaba da zancen. Na'urar lafiyarta ƙalau. Bayan rabin awa, bugun zuciya ya sauka, aka ce su ɗora daga inda suka tsaya, sai ga magana ta fi laushi da ma'ana. Daga nan ne shawarar ɗaukar hutu na aƙalla minti 20 ta samo ƙarfi. Zuwa nan Baba Dattijo yana da gaskiya: janyewa lokacin da jini ya hau ta fi buɗe baki.

Amma lura da yadda aka yi hutun. An sanar da shi, yana da iyaka, kuma an dawo kan maganar. Naka babu ko ɗaya cikin ukun. Ka fita ba ka ce komai ba, ba ta san yaushe za ka dawo ba, da ka dawo kuma ka binne zancen. Ita ba na'ura gare ta ba balle ta ga zuciyarka na bugawa. Abin da take gani namiji ne yana latsa waya tana magana. Gottman ya lissafa halaye huɗu da ya ce suna cin aure: sukar halin mutum gaba ɗaya maimakon abin da ya yi, raini, kare kai ta hanyar mayar da laifi, da wannan toshewar. Raini ne ya fi muni a cikinsu. Matsalar shirunka ita ce daga waje kamanninsa ɗaya da raini, ko da a ciki tsoro ne.

Sai abu na biyu, wanda ni a ganina ya fi na Gottman amfani gare ku. Andrew Christensen na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya yi nazarin abin da ake kira matsawa da janyewa: ɗaya yana neman a yi magana, ɗayan yana zamewa, zamewar tana ƙara wa mai nema kaifin murya, kaifin muryar yana ƙara wa mai zamewa nisa. Kamar mai buga ƙofa ne da ya san akwai mutum a ciki, in ba a amsa ba ƙara ƙarfi zai yi. Kowannenku kuma yana ganin shi martani kawai yake mayarwa. Kai za ka ce da ba ta matsa ba da ban fita ba, ita za ta ce da ya tsaya ya ji ni da ban matsa ba, kuma duk ku biyun ba ku yi ƙarya ba.

A 1990 shi da Christopher Heavey suka gwada wani abu mai sauƙi. Suka sa ma'aurata su tattauna sau biyu, sau ɗaya kan canjin da matar ke so, sau ɗaya kan wanda mijin ke so. A batun matar, ita ke matsawa shi ke janyewa. A batun mijin, wannan bambancin ya ɓace. Ashe ba duka ba ne halittar mace da namiji. Wanda ke son abu ya canza shi ke magana, wanda zaman yadda ake ya yi masa daidai shi ke shiru. Wannan yana da ɗan ɗaci, na sani. Ka tambayi kanka, a cikin batutuwan da take kawowa, nawa ne idan aka yi shiru kai ne ka ci riba?

Kuma ba ƙaramin abu ba ne. A 2014 Paul Schrodt da abokan aikinsa sun tattara bincike 74 da suka shafi mutane sama da 14,000, suka ga wannan zagayen yana tafiya tare da ƙarancin gamsuwa da aure, ko mijin ne mai janyewa ko matar.

Injiniya A.:

Malama, bayaninki ya yi, amma a yi hattara da alƙaluman Gottman. Shi ne wanda ake yawan cewa yana iya hasashen saki da daidaito sama da kashi 90. Yadda aka samu irin wannan lambar shi ne a jira a ga waɗanda suka rabu, sannan a ƙera lissafin da ya dace da su. A 2001 Richard Heyman da Amy Slep suka nuna illar haka: suka ƙera nasu lissafin a kan rabin wasu bayanai ya yi kyau, da suka gwada shi a ɗaya rabin sai ƙarfin hasashensa ya zube. Sannan yawancin waɗanda ake zaunarwa a ɗakunan gwajin nan Amurkawa ne masu ilimi da rufin asiri, waɗanda suka yarda a ɗauki faɗansu a kyamara. Me ya sa za mu auna auren kowa a duniya da su?

Malama Ummu Hanan:

Injiniya, na yarda da kai kan hasashen saki, shi ya sa ban kawo lambar ba. Babu wanda zai kalli Baban Sadik minti 15 ya san makomar aurensa. Amma bugun zuciya aunawa aka yi, ba hasashe ba ne. Shi kuma matsawa da janyewa an bi shi wajen Amurka: Christensen da abokansa sun duba Burazil da Italiya da Taiwan a 2006, a shekarar kuma Uzma Rehman da Amy Holtzworth-Munroe suka kwatanta ma'auratan Pakistan da na Amurka. Wanda ke matsawa da wanda ke janyewa yana iya sauyawa daga al'umma zuwa al'umma, amma alaƙarsa da rashin jin daɗin aure tana nan.

Maman Biyu:

Yaya, ni duk cikin rubutunka inda ya soke ni shi ne yarinyar nan mai kai saƙo. Na yi wannan aikin ina ƙarama. Har yau idan na shiga ɗaki mutum biyu suka yi shiru, sai na ji cikina ya juya, in fara laluben abin da na yi.

Iyaye suna ɗauka in dai ba a ɗaga murya ba yara ba su san komai ba. Mark Cummings na Jami'ar Notre Dame ya daɗe yana nazarin yadda yara ke ji game da saɓanin manya, ya ga fushin da ba a furta ba, ɗaure fuska da ƙin kula juna, yana tayar musu da hankali kamar na cacar baki. Abin da ke kwantar musu da hankali shi ne su ga an shirya. Ko a bayan ƙofa aka sasanta, in suka ga fuskoki sun sake ko aka faɗa musu an daidaita, damuwar tana sauka. Shi da Patrick Davies suka ce abin da yaro ke auna wa kullum shi ne, gidan nan yana nan daram ko zai rushe? Ko jariri ma yana jin wannan. A gwajin Edward Tronick na shekarun 1970, uwa takan daskare fuskarta na 'yan mintuna gaban jaririnta, sai ya yi ta murmushi da miƙa hannu don ya dawo da ita, in ya kasa ya kawar da kai ya fashe da kuka.

Ko ba za ku gyara komai yau ba, ku sauke yarinyar daga wannan aikin. In ta zo da "Mama ta ce", ka ɗaga kai ka amsa wa uwar kai tsaye.

Baban Sadik:

Na gode muku duka, har da Baba. Maman Biyu, na ji. Malama, saura abu ɗaya: duk nauyin a kaina yake? Domin yadda take buɗe maganar ma, "kai kullum", "kai ba ka taɓa", shi ke fara kunna ni. Kuma wasu batutuwan tun farkon aure muke maimaita su.

Malama Ummu Hanan:

A'a Malam, ba kai kaɗai ba. Sybil Carrère da Gottman sun duba sababbin ma'aurata 124 a wani bincike na 1999, suka ga yadda aka buɗe magana a minti ukun farko yana da alaƙa da yadda auren ya kasance bayan shekara shida. "Kai kullum" hukunci ne a kan mutum ɗungurungum, ba abin da zai yi da shi sai kare kai. "Jiya na jira ka ban ji daga gare ka ba, hankalina ya tashi" kuwa abu ɗaya ne da za a iya amsawa. Amma kada ka kai mata wannan a matsayin hujjar cewa ita ce mai laifi. Sau da yawa kaifin buɗewar sakamakon lokutan baya ne da ta faɗa da laushi ba a tanka ba.

Ka same ta ranar da babu rigima, ka gaya mata abin da ka gaya mana, na ƙirji da kunnuwa, domin ina kyautata zaton ba ta taɓa ji ba. Ku yi yarjejeniya: idan abin ya taso za ka ce "kaina ya ɗau zafi, ba ni rabin awa, zan dawo mu ƙarasa", ita kuma ba za ta bi ka da magana ba. A cikin rabin awar kada ka zauna kana tsara martanin da za ka mayar, wannan ba ya saukar da bugun zuciya. Ka taka, ka ja numfashi a hankali, ka yi wani abu daban. Sannan kai ne za ka sake buɗe zancen, ba ita ba. In ya sake tafasa, a sake ɗagawa zuwa wani lokaci da kuka ambata.

Batutuwan da kuke maimaitawa kuma, Gottman ya ce kusan kashi 69 na saɓanin ma'aurata irin wanda ba ya ƙarewa ne, yana fitowa daga bambancin hali, kuma masu zaman lafiya ma suna da nasu. Injiniya zai ce a riƙe lambar da sassauci, ni ma haka zan ce. Idan kun gwada na wasu makonni abin ya ƙi, ku nemi ƙwararren mai ba ma'aurata shawara ku je tare.