Nawa ya kamata mu sayar da zanen Bayajida na ƙanena?

Ɗan_Kusugu:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ƙanena da ya karanci zane a ABU Zariya ya yi wani zane da fentin mai, wata huɗu yana kanshi. Bayajida ne a bakin rijiyar Kusugu amma fa ba yadda aka saba ba mu labarin ba, macijiyar jikinta duk ruwa ne tana tsiyayowa daga guga, fuskar Daurama ta koma ƙofar gari, takobin kuma yana rataye a sama ba hannun da ke riƙe da shi, kamar mafarki dai. Wani baƙo daga Abuja ya gani ya taya dubu 150. Yaron na so ya sallama, ni ko wlh raina bai kwanta ba. Ya ake sanin kuɗin irin wannan?

Malam_Sani:
Wa alaikumussalam. Salon da ka faɗa shi Turawa ke ce ma suriyalizim, a Faris ya kafu a 1924, cikin masu wannan salon akwai Salvador Dalí mai zanen agogunan nan da suka narke. Mu ma nan Najeriya marigayi Twins Seven-Seven na Osogbo ya daɗe yana zana aljanu da dodannin tatsuniyoyin Yarabawa. Amma ɗan'uwa gaskiya kyan zane kaɗai ba ya yanke farashi. Masu ƙiyasta kuɗi sunan mai zanen suke fara dubawa, ya taɓa baje koli ko bai taɓa ba, nawa aka sayi aikinshi na baya, sai girma da lafiyar fentin da hannun da ya bi. Dubi zanen Tutu na Ben Enwonwu, shahararren mai zanen Najeriya, a 2018 aka yi gwanjonshi a gidan gwanjo na Bonhams a Landan ya kai kusan fam miliyan 1.2, sunan mutumin da tarihin zanen ne suka ja wannan kuɗin. Ƙanenka yanzu ya fara, amma duk da haka ku lissafa fenti da ƙyalle da wata huɗun nan, ni a ganina mai tayin ya yi ƙasa.

Maman_Hanifa:
Ni dai abin da na sani a nan Daura da wuya ka samu mai rataye hoton mai rai a falonshi, kasuwarku tana Abuja da Legas. Ku tura ma gidajen baje kolin zane biyu ko uku hoto mai kyau ku ji ta bakinsu tukun. Kuma kar a naɗe shi kamar tabarma, fentin tsagewa yake, a rufe shi saboda ƙurar hunturu.

Malam_Sani:
Na manta, ya sa hannu da shekara a jiki? In za a sayar a rubuta rasit da sunan zanen da awonshi, kowa ya riƙe kwafi.

Ɗan_Kusugu:
Allah ya saka da alheri. Yanzu na juya shi na duba, ko sunanshi bai rubuta ba. Na ce ma baƙon ya ba mu sati biyu.