Musayar Waƙa: Gidauniyar Mai Wankin Ƙoda

Mai kula da zaure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani dattijo namu da yaƙi ya koro daga Madani zuwa Kasala a Sudan yana wankin ƙoda, ƙarfin iyalinsa ya ƙare, an ce a buɗe masa gidauniya. Kafin a karɓi ko sisi, kowa ya faɗi yadda ake yi, a waƙe kamar yadda muka saba. Malam, bismilla.

Malamin Kasala:
Da sunan Ta'ala Mai jinƙai nake farawa,
Salati ga Manzo mai yi wa raunana kulawa.

Ku ji 'yan uwa, tarin kuɗi ba shi ne wuya ba,
Wuyar a san me za a saya kafin tarawa.

A fara da takardar likita mai hatimi da kwanan wata,
Mutum biyu su taka cibiyar wanki don tabbatarwa.

Hoton da aka turo a waya ba hujja ba ne,
Akan ɗauko na bara a sauya suna a yi ta yaɗawa.

A nemi yardar mai ciwo kafin a ambace shi,
Dattijo ne mai 'ya'ya, ba ya son tonawa.

A rufe fuska, kada a faɗi unguwa ko gida,
Sunan cuta da abin buƙata sun isa sanarwa.

Ma'aji daban, mai rubutu daban, mai sayayya daban,
In hannu ɗaya ya riƙe ukun, zargi ne ke biyowa.

Yaya Nas ta Gadarif:
Malam ka shimfiɗa, bari in ɗora daki-daki,
Don masu bayarwa su san ina kuɗi ke tafiya a wanki.

Ƙa'ida sau 3 a mako, awa 4 kowane zama,
Tun da yaƙi ya ɓarke 15 ga Afrilun 2023, sau 2 ma jan aiki.

A cibiyar gwamnati ba a biyan kuɗin inji,
Abin da ke cin aljihu yana wajen ɗaki.

Keken raksha zuwa da dawowa, haya kusa da cibiya,
Allurar ƙarin jini da ayon don ƙarfin jiki.

Gwajin hanta B da C da na HIV tun farko,
Ba sakamako ba a ɗora shi, dangi na ta tsaki.

Ran da matatar inji ta yanke ko bututun jini,
Dangi ake turawa kasuwa, a tanadi wannan a banki.

Katita, bututun wanki na wuya, ta wucin gadi ce, ba ta zama,
Ƙwayar cuta kan bi ta, zazzaɓi ya shiga ciki.

A ware kuɗin fistula, haɗin jijiya a hannu, tun da wuri,
Sai ta yi mako 6 ko fiye kafin ta fara aiki.

Hannun nan ba a ɗaure shi don awon hawan jini,
Kada ya yi matashi da shi in ya kwanta a ɗaki.

Masu dubiya, don Allah ku bar dabino a gida,
Ayaba da lemo da tumatir kada su kai baki.

Potasiyam ɗinsu ƙodar ba ta iya fitarwa,
Ya taru zuciya ta tsaya, dangi na ta mamaki.

Ruwan sha kuwa, gwargwadon fitsarin jiya a ƙara rabin lita,
Shayi da kunu da romo duk a ƙirga su ciki.

In ƙafa ta kumbura, kwanciya ta gagara da dare,
A kai shi yanzu, ruwa ne a huhu ya sa shi haki.

Ɗan Mai Wurno:
Yaya kin fayyace, ba tarin rana ɗaya ba ne,
Ciwon ƙoda kuɗinsa na dawowa kowane wata.

A nan gidauniya ke faɗuwa, makon farko a yi ta turowa,
Wata na 3 waya tsit, mai ciwo na nan da buƙata.

Mutum 40 kowa ya ɗauki abin da zai iya,
Ya riƙa biya ran 1 ga wata, a rubuta.

Wannan ya fi a dogara da attajiri guda,
Wanda zai zuba sau ɗaya ya koma ya huta.

Rasit na Bankak, manhajar banki, da aka turo a hoto kada a gaskata,
Ana haɗa na bogi, a buɗe asusu a karanta.

Ɓarayi kan kwafi sanarwa su sauya lambar asusu,
Sunan da ya fito kafin a tura, a tsaya a kwatanta.

Fabrairun 2024 layi ya ɗauke, Bankak ya tsaya,
Takiyyoyi, gidajen abincin sadaka, da dama a Hartum girkinsu ya kwanta.

Don haka kuɗin raksha na mako 2 ya zauna a hannu,
Mai ba da tsaba kan yanki kaso, shi ma a lasafta.

Fam ɗin Sudan na faɗuwa, ajiyar yau gobe ba ta sayen na jiya,
A sayi allurar wata 2 kafin farashi ya tsananta.

Yaya Nas ta Gadarif:
Ƙanena, allurar nan sanyi take so, digiri 2 zuwa 8,
Wuta ta ɗauke firji ya mutu, kuɗin jama'a sun salwanta.

A bar ta a kantin magani mai sola, da shaida a kwali,
A duba ranar ƙarewa, kada a daskarar da ita.

Baba na Jidda:
'Ya'yana na ji ku, ga saƙo daga Saudiyya,
Don namu na Makka da Madina su san hanya.

A nan tara gudummawa babu lasisi laifi ne,
Ko niyya fara ce, hukuma na kama mai gidauniya.

Kada a yaɗa lambar asusu a WhatsApp ana roƙo,
Baƙo mai iƙama zai jefa kansa cikin wuya.

Cibiyar agaji ta Sarki Salman tun 2015 take,
A Mayun 2023 ta manhajarta Sahem ta tara wa Sudan dukiya.

Manhajar Ehsan kuma tun 2021 ga mabuƙatan cikin ƙasa,
Marayu da masu bashi, har da masu jinya.

Mai son taimakon dattijo ya cire daga guminsa,
Ya aika ta hanya mai rajista, rasit ya shiga ajiya.

Dillalin bayan fage yakan fi daɗin canji,
In ya kashe waya ba shaida, sai ciwon zuciya.

Maganin da za a ba matafiyi ya kai Bur Sudan,
A haɗa shi da takardar likita kafin tafiya.

Malamin Kasala:
Baba mun gode, saura batun zakka,
Littafi biyu za a buɗe, kada ta cuɗu da sadaka.

Nisabi giram 85 na zinariya, shekara ta zagayo,
Kashi 2.5 cikin 100 ake ɗauka.

Aya ta 60 a Tauba ta jera gida 8,
Talaka da mai bashi da ɗan hanya suna ciki duka.

Dattijon nan hijira ta talauta shi, ya cancanta,
A damƙa masa ko wakilinsa, ta zama tasa ba shakka.

Katin waya da kuɗin motar masu zirga-zirga,
A cire daga sadaka, a bayyana wa jama'a haka.

Ga wadda ke raba zumunci, ku saurara da kyau,
In rai ya yi halinsa da saura a asusu, wa zai ɗauka?

Zakkar da ta shiga hannunsa gado ce ta iyali,
Bayan an biya bashin jinya an sauke duka.

Sadakar da ta rage a faɗi makomarta tun a sanarwa,
Iyali ko wani mai wanki, kada a tsaya sai ana kuka.

Inna mai takiyya:
Ku bar mini tukunya 'ya'yana, ga nawa tsari,
Iyalinsa a rubuta su a takiyya tun da wuri.

Adas da ful, dangin wake, buhu-buhu a kasuwar sari,
A jiƙa ful tun dare, gawayi ba ya son ƙari.

Kwanon mai ciwo a ɗebe kafin a zuba gishiri,
Ba kanwa, ba dunƙule, ko ya ce miyar ba armashi a gari.

Adas gare shi kaɗan, ƙwai da nama yadda likita ya ce,
Dankali a yanka a jiƙa, a zubar da tafasar fari.

Ɗan Mai Wurno:
Inna an rubuta. Rahoto ran 5 ga kowane wata,
Shiga da fita da saura, kowa ya karanta.

Rasit na kanti da na gwaji a ɗauka a hoto,
A rufe sunan dattijo kafin a fitar da ita.

Malam da mutum ɗaya su je cibiya ran Asabar,
Sai sun dawo da takarda lambar asusu za ta fita.