Gansakuka ta cinye mini akwatin murjani

Ɗan Zariya: Salamu alaikum. Akwatina na kiwon kifi da murjani mai rai, na ruwan gishiri, lita 200 ne, watansa biyar. Gansakuka mai kama da gashi ta lulluɓe duwatsu, har ta fara shaƙe murjanin. In na tsige ta ran Juma'a, kafin Laraba ta dawo. Wa ya taɓa fama da ita?

Alhaji na Ali Ɗan Sofo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, da wane ruwa kake ciko? Ni ruwan famfo ne ya cuce ni. Da zafin Afrilu ruwan akwatin kan ragu sosai kullum, ni kuwa in ɗebo na famfo in zuba. Ashe ruwan ne kawai ke tashi, sinadaran nitrat da fosfat da ke zuwa da ruwan famfon na nan zaune suna taruwa, su ne tuwon gansakuka. Sai da aka sayo mini matatar RO, mai tace sinadarai daga ruwan famfo, daga Kano, nake sauya kashi 10 cikin ɗari na ruwan akwatin duk mako. Wata biyu na yi kafin in sake ganin launin dutse. Ciko kuma da ruwa marar gishiri ake yi, don gishiri ba ya tashi.

Hajiya ta Sabon Gari: Nawa laifin jikoki ne. Duk wanda ya gitta sai ya barbaɗa wa kifi abinci. Na kulle gwangwanin a kwaba, na mayar da fitila awa takwas, na kuma janye akwatin daga bakin taga.

Malamin lakkol: Alhaji ya yi gaskiya, amma kada a wuce gona da iri. Na zuba maganin tsotse fosfat har ma'auni ya nuna sifili, ina murna. Sai ga wani yauƙi ruwan ƙasa mai kumfa-kumfa, dino suke ce masa, ya kashe mini dodon koɗi uku. Yanzu nitrat ɗina tsakanin 5 da 10 a ma'auni nake barinsa.

Alhaji: Wata ja-ja mai kama da gansakuka da ke shimfiɗuwa kan yashi kuwa, inda ruwa ba ya motsi take kama wuri. Duk sa'ad da wuta ta daɗe ba ta dawo ba nakan gan ta, shi ya sa na haɗa injin kaɗa ruwa da batir.

Ɗan Zariya: Wallahi famfo ne, Alhaji, tun ranar farko. Gobe bayan La'asar zan biyo in ga yadda aka haɗa matatar.