Malamin da ya iya kwamfuta, ya iya koyarwa da ita?

Malamin Kwamfuta: Jama'a, ni dai ina nan a kan bakana. A koya wa malami sarrafa kwamfuta da majigi kawai, sauran zai zo da kansa.

Malamar Kimiyya: Malam, ban yarda ba. Ƙanena ya fi ni iya kwamfuta nesa ba kusa ba, amma ka ba shi aji ya koyar da zagayen jini, ka ga zufa.

Hedimasta: Gardamar nan ta girmi wasunku. Tun 1986 masanin ilimi Lee Shulman ya ce sanin darasi daban, sanin yadda ake koyar da shi wannan darasin daban. A 2006 Punya Mishra da Matthew Koehler na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka suka ƙara fasaha ta zama ta uku, tsarin da yanzu ake kira TPACK. Su a wurinsu aikin yana inda ukun suka haɗu.

Malamin Kwamfuta: Ranka ya daɗe, ai biyun farko malamanmu sun samo su tun daga kwalejin horar da malamai. Na ukun ne babu.

Malamin Lissafi: Ba haka ba ne, Malam. Makon jiya na buɗe GeoGebra, manhajar lissafi mai zana layuka, a aji biyar, na sa y = mx + c, wato lissafin miƙaƙƙen layi. Na san yara kullum suna rikita m da c, don haka na hana su taɓa m, na ce c kaɗai za su riƙa canzawa. Wata yarinya a baya ta ce, "Au, ashe ɗaga layin yake yi, ba karkata shi ba!" Da ban san inda suke tuntuɓe ba, da hoto mai kyau kawai na nuna musu. Wannan ba a ɗakin kwamfuta na koyo shi ba, kuma da alli ba zai yiwu haka ba.

Malamar Kimiyya: Ku tuna ƙasar Peru. An raba wa 'yan firamare ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa, binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙari a makinsu na lissafi da harshe ba.

Malamin Kwamfuta: To ai hujjata ce kika kawo, Malama. Wa ya zauna ya koya wa malamansu na'urar yadda ya kamata?

Hedimasta: Ranar Talata ka karɓi ajin lissafin, da GeoGebra ɗin. Ni ma zan zo in zauna a baya.

Malamin Kwamfuta: In an kawo wuta.