Ƙuri'ar Omaha: fashi ne ko doka ce?

Mazaunin Omaha: Assalamu alaikum. Da ɓacin rai nake wannan rubutu. Jiharmu ta Nebraska tana da ƙuri'un wakilai 5 cikin 538 da ake zaɓen shugaban Amurka da su, kuma tun zaɓen 1992 ba a haɗa su a kwano ɗaya: biyu na wanda ya ci jihar, sauran uku kowace mazaɓa da tata. Ta haka mazaɓarmu ta birnin Omaha ta ba Obama ƙuri'a ɗaya a 2008, ta ba Biden a 2020, ta ba Harris a 2024. A layinmu kusan kowane gida ya kafa allo mai shuɗin ɗigo, alamar goyon bayan jam'iyyar Democrat, a ƙofarsa, har da dattijuwar da ke maƙwabtaka da ni wadda da ƙyar take fitowa. Sai ga Gwamna Jim Pillen da Trump sun matsa lamba a koma tsarin wanda ya ci ya kwashe duka, ana saura makonni a yi zaɓen 2024, kuma suka sake tayar da maganar a 2025. Wannan fashi ne da rana tsaka.

Tsohon Malamin Makaranta: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka janye kalmar fashi. Ɗan fashi doka yake karyawa, alhali kundin tsarin mulkin Amurka ya bar wa majalisar kowace jiha ta zaɓi hanyar naɗa wakilanta yadda ta ga dama. Jihohi 48 suna bin tsarin da kake zagi, shin dukkansu 'yan fashi ne?

Hajiya Mai Shago: Malam, Allah ya ƙara girma, amma wanda ya jira har ya ga inda iska take kaɗawa sannan ya ce a sauya ƙa'ida, me za a kira shi? Idan fashi ya yi nauyi, to a ce ƙwace.

Tsohon Malamin Makaranta: Hajiya, ƙwace ma sai an karɓe abu da ƙarfi, kuma a nan ba a karɓi komai ba. Ana buƙatar 'yan majalisar Nebraska 33 cikin 49 kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a, ba su samu ba, domin ɗan majalisa Mike McDonnell, wanda ya bar Democrat ya koma Republican a 2024, ya ƙi amincewa.

Mazaunin Omaha: Ɓarawon da ya hau katanga kare ya koro shi, sunansa ɓarawo ko da bai ɗauki tsinke ba.

Ɗan Jarida Mai Ritaya: Ni abin da ke ba ni dariya shi ne yadda kowa yake ganin fashi a gidan maƙwabcinsa kawai. A 2011 'yan Republican na Pennsylvania ne suka so a raba ƙuri'u mazaɓa-mazaɓa, wato irin tsarin da suke son rushewa a Nebraska, saboda a lokacin Democrat ke cin jihar. A 2007 an yi irin wannan yunƙuri a California. Da aka fara batun Nebraska kuwa, shugabar masu rinjaye a majalisar wakilan Maine, 'yar Democrat, ta ce su ma za su rama su koma tsarin kwashe duka, domin a can ma ana raba ƙuri'u mazaɓa-mazaɓa, kuma Trump ne yake tsintar ƙuri'a ɗaya tun 2016.

Hajiya Mai Shago: Rama ba fashi ba ce, Yaya. Wanda ya fara shi ne mai laifi.

Tsohon Malamin Makaranta: Ashe idan naku suka yi sunansa rama, idan na wasu suka yi sunansa fashi. Na daɗe da lura cewa tun 2016, da Hillary Clinton ta fi yawan ƙuri'un jama'a ta faɗi, ba ki sake faɗin alheri game da Republican ba.

Hajiya Mai Shago: Malam, kai da ka yi mana walima ranar da Trump ya dawo, kai ne za ka yi mini wa'azin adalci?

Ɗalibin Shari'a: Iyayena, ku yi mini afuwa. A shari'ance fashi yana da sharuɗɗansa, akwai makami, akwai tare hanya, don haka bai kamata a ari kalmar a ɗora wa 'yan majalisa ba.

Mazaunin Omaha: Ɗana, ba kotu muka zo ba, kuma wanda bai taɓa tsayawa layin zaɓe cikin sanyin Nuwamba a nan ba, ya rage mana fatawa.

Ɗalibin Shari'a: To Baba, idan sai mazauna Amurka za su yi magana, me ya sa aka kawo mana batun?

Mai Kula da Zaure: Jama'a, dare ya yi, zan taƙaita. An tabbatar cewa abin da Gwamna Pillen ya nema yana cikin doka, kuma Malam ya yi bayani mai gamsarwa wanda babu wanda ya iya rushe shi. An kuma nuna cewa 'yan Democrat na Maine sun shirya yin abin da ake zargin wasu da shi. Kalmar fashi ba ta da hurumi, ina roƙon ɗan'uwanmu na Omaha ya goge ta kafin safiya. Na rufe wannan batu.

Ɗan Jarida Mai Ritaya: Ranka ya daɗe, ka tsallake Pennsylvania.